Wasiƙa Daga Punjab: Kilomita Huɗu Tsakanin Bibi da Kartarpur

Jalandhar, Jihar Punjab, Indiya
10 ga Disamba, 2023

Aminina Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da su Abba. Yaya sanyin Maraɗi, yaya kasuwa? Ni ma nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi, sai dai sanyin nan har cikin ƙashi yake shiga, ga hazo da safe ba ka hango ƙarshen layinku.

Kafin komai, ina ƙara yi maka ta'aziyyar Inna. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta. Na saurari saƙonka sau uku. Abin da ya fi tsaya mini shi ne inda ka ce tafiyar da da kake yi kafin hantsi ya dubi ludayi, daga Maraɗi zuwa Katsina, ita ce ta cinye maka yini guda a kan babur ta ɓarauniyar hanya, ka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Tun da aka rufe iyakar nan a watan Agusta nake jin labarin tsadar kaya da manyan motocin da suka yi layi a Jibiya, amma ban ji zafin abin ba sai da ya hana ka sallar gawar matar da ta goye ka.

A ƙarshen saƙon ka tambaye ni hoton da na sa, wanda na ɗaure kai da ƙyalle a gaban wani gini na zinariya, kuma na ji damuwa a muryarka. Ka yi daidai da ka tambaya. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma za ka ga tana da alaƙa da abin da ya same ka.

Akwai wani abokin karatuna ɗan addinin Sikh, mu 'yan Najeriya muna kiransa Dogo. Ajinmu ɗaya a fannin haɗa magunguna, kuma lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bara shi ya yi jinyata. A ƙarshen Nuwamba, bayan bikin tunawa da haihuwar Guru Nanak wanda ya kafa addininsu, ya ce zai raka kakarsa ziyara, ya roƙi in bi su don in riƙe masa ita a jirgin ƙasa. Kowa Bibi yake ce mata. Shekarunta 82, 'yar ƙarama, fari fat kanta, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya.

Amritsar muka fara sauka. Ginin da ka gani shi ne Harmandir Sahib, babban wurin ibadar 'yan Sikh, su kuma sun fi ce masa Darbar Sahib. Tun daga ƙofa ake tuɓe takalmi a miƙa wa masu ajiya, a rufe kai, a bi ta cikin wani ɗan ruwa mai gudu da ke wanke ƙafa. Taba ko a aljihu ba ta shiga. Mutumin da ya karɓi takalmina dattijo ne mai furfura da agogo mai tsada, da hannu biyu ya karɓa, na waiwaya na ga yana goge masa ƙura da ƙyalle. Dogo ya ce ba ma'aikaci ba ne, aikin lada ya zo yi, suna kiran abin sewa, kuma masu hali sun fi son ɗakin takalma saboda yana karya girman kai.

Matakalar wurin sauka ake yi, domin ƙasa da sauran gari aka gina shi. Kana sauka sai ga tafki faffaɗa an kewaye shi da farin dutsen marmara, ginin yana tsakiyar ruwa, siririyar gada ce kaɗai ke kai mutum. Guru (wato jagoran addininsu) na huɗu, Ram Das, shi ya haƙa tafkin ya kafa garin, magajinsa Guru Arjan ya yi ginin ya sa littafinsu a ciki a 1604. Zinariyar daga baya ta zo, zamanin Maharaja Ranjit Singh, wajen 1830. Ƙofofi huɗu ne da ginin, gabas da yamma, kudu da arewa, wai don kowa ya shigo ta inda ya fito. Babu gunki a ciki. Littafi ne, Guru Granth Sahib, mai shafi 1,430, ana karanta shi da rerawa tun kafin asuba har dare ya tsala. A cikinsa akwai baitocin Shehu Farid, waliyyin nan Musulmi na Pakpattan, kuma abokin tafiyar Guru Nanak na tsawon shekaru Musulmi ne mai kaɗa molo irin nasu, sunansa Mardana. Akwai ma masu cewa wani waliyyi na Lahore, Mian Mir, shi ya aza tubalin farko na ginin, ko da yake ba kowa ya yarda da wannan ba.

Ka kwantar da hankalinka, Laminu. Ban sunkuya wa komai ba, ban shiga tafkin ba, kuma alawar da suke rabawa bayan addu'a na ɗaga hannu na ce na gode. Ba wanda ya harare ni. Da azahar ta yi na fita na tafi Masallacin Khairuddin da ke kasuwar Hall Bazaar, tsohon masallaci ne tun 1876, na yi sallata na dawo. Ƙyallen kai kuwa dokar wurin ce ga kowa, har shugabannin ƙasa in sun zo sai sun ɗaura.

Abin da na ci shi ne abincin langar, kuma a kansa nake son in daɗe. Ka tuna sadakar abincin da ake yi a ƙofar gidan mai unguwarmu da azumi, yadda ake turereniya, mai ƙarfi ya samu, tsoho ya koma da kwano wayam? Nan ɗakin cin abinci ne mai hawa biyu, ba a rufe shi dare da rana, ana ciyar da dubun dubatar mutane kullum, kyauta. A bakin ƙofa wani ya miƙo faranti, na gaba ya miƙo kwano, na gabansa cokali. Aka buɗe ƙofa muka shiga ɗaruruwa, muka zauna a ƙasa sahu sahu kan doguwar tabarma kamar za a ta da salla. A damana wani mai tura amalanke ne ƙafarsa duk faso, a haguna Bibi, gaba da ita wata mata da zobban gwal. Samari suka biyo layi da bokitai: miyar wake da suke kira dal, ganye, shinkafa da madara mai zaƙi. Mai rabon gurasa ya tsaya a kaina ya ƙi saki, sai da Bibi ta kama hannuwana biyu ta haɗa su ta buɗe tafin sama, sannan ya sako. Da hannu biyu ake karɓa, ko kai wane ne. Babu nama a ciki sam, don kada wani ya ƙi ci saboda addininsa. Kafin minti ashirin mun tashi, an goge ƙasa, wani ayarin ya shigo.

Da muka fito Bibi ta ƙi tafiya masauki. Ta ja ni wani gefe inda mata da maza suka yi da'ira a ƙasa suna ɓare tafarnuwa da albasa, ta zauna ta miƙo mini wuƙa. Awa guda muka yi. Ƙarar farantan ƙarfe da ake wankewa a bayanmu kamar ruwan sama a kan kwano. Ban ga mai tsawa ba, ban ga mai rubuta sunan wanda ya zo ba. Wallahi na yi sha'awar wannan tsari, kuma na ji ciwo da na tuna mu ne aka ce mana mafi alherin Musulunci ciyar da abinci da yin sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Da zakkar masu kuɗin Katsina da Maraɗi kaɗai za a iya kafa irinsa a bakin kowane babban asibiti.

Wurin ya sha wuya shi ma. Sarkin Afghanistan Ahmad Shah Abdali ya rushe shi a 1762, a watan Yunin 1984 kuma sojojin Indiya suka shiga da tankoki don fitar da 'yan bindigar da suka yi sansani a ciki, aka kashe mutane da yawa, har da masu ziyara. Watanni huɗu bayan haka masu tsaron Firayim Minista Indira Gandhi 'yan Sikh suka harbe ta, aka bi 'yan Sikh da kisa a Delhi. Mahaifin Dogo ba ya son a ta da zancen, ni ma ban matsa ba.

Da yamma aka miƙe don addu'ar da suke kira Ardas, Dogo yana fassara mini a kunne. A tsakiyarta akwai wani roƙo da aka ƙara bayan 1947: suna roƙon Ubangiji ya ba su ikon ziyarta da hidimta wa Nankana Sahib da sauran wuraren ibadar da aka raba su da su. Kullum suke faɗin wannan, safe da yamma, a duk inda ɗan Sikh yake a duniya. Da aka zo nan na ga Bibi ta sa haɓar mayafi a ido.

Ga asalin abin. Da Turawan Ingila za su tafi a 1947, wani lauya mai suna Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba kafin nan, ya ja layi ya raba Punjab biyu tsakanin Indiya da sabuwar ƙasar Pakistan cikin 'yan makonni. Mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi suka yi yamma, 'yan Hindu da 'yan Sikh suka yi gabas, aka kashe dubban ɗaruruwa a hanya. Mutane sun gudu, amma gine-gine ba su da ƙafa. Nankana, inda aka haifi Guru Nanak a 1469, ya faɗa Pakistan. Kartarpur, inda ya yi shekarunsa 18 na ƙarshe yana noma, inda ya fara wannan ciyarwar ta langar, inda ya rasu a 1539, shi ma ya faɗa can, kilomita huɗu da ɗoriya daga iyaka, a hayin kogin Ravi. Ka ƙaddara mutumin Ɗan Isa ne aka ce ba shi ba Jibiya har abada.

Ba 'yan Sikh kaɗai abin ya shafa ba. Wani ɗan ajinmu ɗan Hindu, kakanninsa daga yankin Chakwal suke, ya ba ni labarin Katas Raj, tsofaffin ɗakunan bauta da ke kewaye da wani tafki da suke cewa hawayen Shiva ne, ɗaya daga cikin allolinsu. Kakansa ya yi wanka a ciki yana yaro. Yanzu sai da biza, a ƙarƙashin wata yarjejeniyar ziyara da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1974, kuma 'yan ƙalilan ke samu a shekara. Tafkin ma ya taɓa ƙafewa har Kotun Ƙolin Pakistan ta shiga maganar a 2017, saboda kamfanonin siminti da ke zuƙe ruwan ƙasa. A cikin waɗannan duwatsun ne, a Nandana, malaminmu Albiruni ya auna girman duniya shekaru dubu da suka wuce. Su 'yan Hindu dai ba su rasa wurin zuwa a wannan gefen ba. A watan Yuli a kan hanyar Delhi na ga samari ba iyaka sanye da ruwan goro, da yawansu ba takalmi, kowa da sanda a kafaɗa da tuluna biyu, sun ɗebo ruwan kogin Ganga daga Haridwar suna kai shi garuruwansu a ƙasa, ba sa yarda tulun ya taɓa ƙasa ko da za su kwana. Sai na tuna labaran da Malam Babba yake ba mu na masu tafiya hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, waɗanda wasunsu har yau jikokinsu na Mai Wurno.

'Yan addinin Jain kuwa kusan gaba ɗayansu suka baro Pakistan. Akwai wani mai shagon rigunan sanyi a Ludhiana da nake saye a wurinsa, iyayensa daga Gujranwala suka zo, inda kushewar wani babban malaminsu take tun 1896. Mutane ne da ba sa kashe ko kiyashi, ba sa cin nama, masu tsanantawa ba sa cin albasa da dankali don kada a kashe ƙwarin da ke ƙasa wajen tono, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Shi ya ce in je Ranakpur a Rajasthan in ga aikin kakanninsa, na kuwa je da hutun Oktoba, na sauka a tashar Falna na hau mota zuwa cikin duwatsun Aravalli. Wani attajiri mai suna Dharna Shah ya gina shi a ƙarni na 15, zamanin sarki Rana Kumbha. Sai tsakar rana ake barin baƙi su shiga, kuma duk abin fata a waje ake barinsa, ɗamara da walat. Ginshiƙai 1,444 na farin marmara, an ce babu biyu masu sassaƙa iri ɗaya, kuma iya waɗanda na tsaya na duba haka na gani. An rarake dutse kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Ciki sanyi ƙalau alhali waje rana na ƙuna, ba ka jin komai sai kukan tantabaru da sharar wani tsoho da ke tura ƙura a hankali da tsintsiya mai laushi yana duba ƙasa kafin ya taka. Irin waɗannan gine-ginen nasu na Nagarparkar a lardin Sindh na Pakistan suna nan tsaye babu mai shiga. Na Lahore kuwa taron jama'a ne suka rushe shi a Disambar 1992 don ramuwar rushe Masallacin Babri da aka yi a Ayodhya, alhali 'yan Jain ba su ci ba ba su sha ba. Sai a 'yan shekarun nan aka sake gyara shi.

Mu ma layin bai bar mu ba. A ƙauyukan da ke kewaye da Jalandhar na sha ganin tsohon masallaci da ƙubbobinsa uku, babu liman babu mamu tun 1947. Kabarin Shehu Ahmad Sirhindi yana nan wannan gefen, Musulmin Pakistan sai da biza suke zuwa, in an ga dama a ba su.

Washegarin ziyararmu ta Amritsar da asuba muka ɗauki mota zuwa Dera Baba Nanak, garin ƙarshe kafin waya. A 9 ga Nuwamba, 2019, ƙasashen biyu suka buɗe wata hanya ta musamman daga nan zuwa Kartarpur, aka yi gada a kan Ravi. Ba biza, amma sai da fasfo, sai an yi rajista ta intanet 'yan sanda sun tantance mutum, Pakistan na karɓar dala 20, kuma dole a dawo a ranar. Hanyar ta 'yan Indiya ce da 'yan asalinta, don haka ni a bakin ƙofa na tsaya. Bibi ba ta taɓa mallakar fasfo ba sai bana, kuma saboda wannan tafiyar ta yini ɗaya aka yi mata shi. Talakawa da yawa rashin fasfon ne ya hana su har yanzu.

A mota ta ba mu labari, Dogo yana juya mini. A wani ƙauye kusa da Narowal aka haife ta. Tana da shekara shida mahaifinta ya ɗora ta a wuya cikin ruwan sama suka ƙetare Ravi. Uwarta ta binne tukwanen tagulla a tsakar gida, ta kulle ƙofa ta rataya makulli a wuya, don a zatonta sati biyu za su yi. Maƙwabciyarsu Musulma ta biyo su har bakin gari da gurasa a ƙulle cikin tsumma tana kuka. Ta ce a kan gadar sun yi kiciɓis da ayarin Musulmi masu gudu zuwa inda su suka baro, da jini a jikin wasu, ba wanda ya kalli wani.

Bayan sun shige na hau wata jinga kusa da wayar iyaka inda mutane ke tsayawa. Shekara da shekaru kafin a buɗe hanyar, nan ne iyakar ziyarar: a sa madubin hangen nesa a ido, a hangi farar ƙubba a cikin gonaki, a sunkuya, a juya gida. Ranar da na je akwai hazo da hayaƙin ragowar karan shinkafa da manoma ke ƙonawa, ban ga komai ba sai fari. A gefena wani tsoho da matarsa, ba su da fasfo, sun tuɓe takalma sun haɗa hannuwa suna fuskantar hazon. Sun fi rabin awa a haka. Laminu, addininmu ba ɗaya ba ne, kuma ban ji ɗigon shakka a kan nawa ba, amma na tsaya na ce da Madina ce a bayan wannan hazon fa, ina Jibiya tana Ɗan Isa, an ce in tsaya nan in kalla? Sai ga ka a raina, a kan babur cikin gonakin gero, ana can ana yi wa Inna salla.

Da la'asar sakaliya suka fito. Dogo ya ce a can akwai kushewa biyu na mutum ɗaya, domin labarinsu ya ce da Guru Nanak ya rasu Musulmi suka ce binne shi za a yi, 'yan Hindu suka ce ƙonawa, da aka yaye mayafin sai furanni, aka raba mayafin biyu kowa ya yi nasa. Rijiyar da yake ban ruwan gonarsa da ita ma tana nan. Su 'yan Pakistan suna shiga farfajiyar ta tasu ƙofar, shi ya sa an sha ganin 'yan'uwan da aka raba tun suna yara sun haɗu a wurin. Bibi ta bi mutane tana tambayar kowa daga ina yake, har ta dace da wani manomi Musulmi da ya san ƙauyensu. Ya ce sunan bai canja ba, kuma babbar bishiyar bakin tafki tana nan. Ƙauyen bai fi tafiyar rabin awa daga inda suke tsaye ba, amma ba a barin mai ziyara ya wuce katangar wurin. Mutumin ya cire mayafin kafaɗarsa ya yafa mata, da shi ta dawo.

A hanyar komawa ta yi shiru har muka kusa Batala. Can sai ta kama hannuna ta yi magana mai tsawo. Dogo ya ce tambaya take ko gaskiya ne fasfona zai iya kai ni Pakistan. Na ce zai iya in na sami biza. Ta ce to in Allah ya kai ni, in je ƙauyensu in ɗauko mata hoton bishiyar, in kuma tambaya ko akwai sauran jikokin matar da ta ba su gurasa, in gaishe su. Na ce in sha Allahu. Na rubuta sunan ƙauyen da sunan mahaifinta a bayan littafina na karatu, na kuma fara tambayar yadda ake neman bizar, ko zai yiwu bayan jarrabawar ƙarshe a watan Mayu kafin in taho gida.

In ka sake samun shiga Katsina, don Allah ka tsaya a kabarin Inna ka yi mata addu'a a madadina, ka kuma leƙa tsohuwata, ta ce rabonta da kai tun ƙaramar salla. Akwai yaron da zai dawo nan a Janairu, zan turo maka lambarsa, in da hali ka haɗo ni da kuka da daddawa da ɗan yaji. Ka rubuto mini yadda Hajiya take ɗaukar rashin, da halin da ake ciki a iyakar. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan Abba.

Wassalam.

Naka har kullum,
Kabiru